Awa 42 ana ƙirga ƙuri'a: yadda yarjejeniyar Nisga'a ta girgiza majalisar Kanada

Da yammacin 7 ga Disamba 1999 'yan majalisar wakilan Kanada suka fara jefa ƙuri'a a zaurensu da ke Ottawa, ba su gama ba sai safiyar 9 ga wata. Sama da awa 42 ke nan ana abu ɗaya. A tsarin wannan majalisa, idan aka nemi a rubuta ƙuri'ar kowa da sunansa, ɗan majalisa miƙewa yake yi, akawu ya kira sunansa, ya zauna, na kusa da shi ya miƙe, haka har a zagaye zauren. Jam'iyyar adawa ta Reform ce ta kawo gyare-gyare 471 a kan ƙudurin doka guda ɗaya, ta kuma dage sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Dole 'yan majalisa suka koma yin karɓa-karɓa, wasu su je su ɗan runtsa, wasu su tsare kujeru.

Ƙudurin da ya hana su barci na tabbatar da wata yarjejeniya ce tsakanin gwamnatin tarayya, gwamnatin lardin Biritish Kolambiya, da al'ummar Nisga'a, mutanen da duka-duka ba su kai dubu goma ba, mazauna kwarin kogin Nass a can arewa maso yammacin lardin, dab da iyakar Alaska. Mu nan da "Indiyawan daji" muka san ire-irensu, sunan da muka ɗauko daga kallon finafinan kaboyi, kuma suna ne da ke ɓatar da mai karatu tun kafin ya fara. Al'ummomi ne masu garuruwa, da sarautu, da dokar gado, da iyakokin ƙasa, tun kafin Bature ya san akwai wannan nahiya. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Kanada sun kai miliyan 1.8, kusan kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Wannan lissafi na kashi 5 shi ne bakin zaren maganar gaba ɗaya. Duk alkawarin da aka yi musu sai ya bi ta majalisar da wasu ne ke da rinjaye a cikinta, kuma majalisar nan ita ce magajiyar wanda ya ɗauki alkawarin. Wanda ake bi bashi shi ne zaune a kujerar alƙali.

Sai an koma 1763 kafin a gane me ake nufi da haƙƙin yarjejeniya. A shekarar ne Sarkin Ingila George na Uku ya fitar da sanarwa cewa babu wani baƙo da zai sayi ƙasa kai tsaye daga hannun 'yan asali. Masarauta kaɗai ke da ikon karɓa, kuma sai a bainar jama'a, da yardar masu ƙasar. Ko da manufar Ingila ta kare kanta ce daga yaƙi, sanarwar ta amsa abu ɗaya da bakinta: ƙasar tana da masu ita. A kan wannan tushe aka ƙulla yarjeniyoyi da dama, mafi shahara su ne goma sha ɗaya masu lamba, daga ta 1 zuwa ta 11, tsakanin 1871 da 1921, waɗanda suka buɗe wa manoma da jirgin ƙasa faffadan filayen yammacin Kanada. Takardun Turanci sun ce sarakunan sun sallama ƙasarsu har abada. Dattawan al'ummomin Cree da Anishinaabe da sauransu kuwa, abin da suka gada daga bakin kakanninsu daban ne: an yi zama, an sha lofe mai tsarki tare, an yarda baƙi su noma ƙasa gwargwadon zurfin garma, a zauna a matsayin dangi muddin rana na fitowa kuma koguna na gudu. Yarjejeniya ta 6, ta 1876, har ta ƙunshi alkawarin ajiye akwatin magani a gidan wakilin gwamnati da kuma agaji lokacin yunwa ko annoba. Yau gardama ake ko wannan akwati yana nufin akwati na katako, ko yana nufin kula da lafiya baki ɗaya.

Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba. A 1885 Joseph Thomson ya iso wajen Sarkin Musulmi Umaru da takarda a madadin kamfanin Turawan da daga baya ya zama kamfanin Neja, aka sa hannu. Sakkwato ta ɗauke ta izinin ciniki, Landan ta ɗaga ta a gaban sauran ƙasashen Turai a matsayin shaidar iko. Bambancin shi ne mu Turawan sun tattara sun tafi a 1960, takardar ta zama kayan tarihi. A Kanada ba su tafi ba. Sun zauna, sun hayayyafa, sun zama su ne gari, don haka takardun na nan da ransu, ana kai su kotu, ana karanta su a majalisa.

In kana son ka ga ran da takardun ke da shi, je ka ranar biyan kuɗin yarjejeniya a wani gari na lardin Manitoba ko Saskatchewan. Ana kafa tebur, jami'in gwamnati ya zauna da littafin sunaye, sau da yawa ga ɗan sandan tarayya cikin jar rigarsa ta ado a tsaye a gefe. Mutane su yi layi, tsoho da jariri, a miƙa wa kowa dala 5, a yi musabaha. Dala 5 ɗin nan ita ce aka rubuta tun zamanin Sarauniya Biktoriya, ba a ƙara ko sisi ba. Ba ta sayen abincin rana, amma mutane na yin tafiya mai nisa don su karɓa, domin karɓar shaida ce cewa ƙullin bai warware ba. A arewacin Ontario kuwa abin ya fi haka ciwo. Yarjeniyoyin Robinson na 1850 sun yi alkawarin ƙara kuɗin shekara idan ƙasar ta kawo riba. An ƙara sau ɗaya, zuwa dala 4 a 1875, aka tsaya nan, alhali ana ta haƙar ma'adinai da sare katako a yankin. Shekara kusan ɗari da hamsin babu majalisar da ta ga ya dace ta taɓa wannan adadi. Sai da aka je kotu. A 2023 gwamnatin tarayya da ta Ontario suka amince su biya dala biliyan 10 ga al'ummomi 21 na gaɓar tafkin Huron, sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli, da bakin alƙalanta duka, ta ce Masarauta ta saɓa alkawari ta hanyar da ta zubar da mutuncinta.

To, su Nisga'a ko irin wannan takarda mai gardama ba su samu ba. A Biritish Kolambiya, in ka cire ƙananan yarjeniyoyi 14 da Gwamna James Douglas ya ƙulla a tsibirin Vancouver tsakanin 1850 da 1854, da kuma kusurwar arewa maso gabas da Yarjejeniya ta 8 ta shafa, mahukuntan lardin sun ce babu wani haƙƙin ƙasa da za a saya. Masu awon ƙasa kawai aka gani sun zo suna kafa turaku, suna yanka wa kowane ƙauye ɗan fili a cikin ƙasarsa. Nisga'a kuwa mutane ne masu tsari. Sun kasu zuriya huɗu, ta hankaka, ta kyarkeci, ta gaggafa da ta wani babban kifin teku, gado ta wajen uwa yake bi, kuma kowane gida ya san gaɓar kogin da dajin da ke hannunsa. Suna da dokarsu da suke kira Ayuuk. A ƙarshen hunturu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wani ɗan ƙaramin kifi mai maiƙo da ake kira oolichan yake shigowa kogin Nass, su kama shi, su tara shi ya kwana biyu, su dafa su kwashe mansa. Da wannan mai suke fatauci da maƙwabta ta hanyoyin cikin duwatsu tun fil azal. Mutumin da ya san ranar da kifi ke shigo masa kogi, da wuya ka gamsar da shi cewa kogin ba shi da mai shi.

A 1887 sarakunansu, tare da na maƙwabtansu Tsimshian, suka yi tattaki zuwa Biktoriya, babban birnin lardin, suna neman a yi yarjejeniya da su. Firimiya William Smithe, wato shugaban gwamnatin lardin, ya sallame su da baƙar magana. A 1913 suka aika koke zuwa majalisar Sarki a Landan. Amsar da ta biyo baya daga majalisar Ottawa ita ce ta fi komai nuna inda matsalar take. A 1927 aka gyara Dokar Indiyawa, wadda tun 1876 ke juya rayuwar 'yan asali daga haihuwa zuwa kabari, aka haramta tara kuɗi don ɗaukar lauya a kan maganar ƙasa sai da izinin gwamnati. Wato wanda ake ƙara shi ya kulle ƙofar kotu ya sa makullin a aljihu. Haramcin ya zauna har 1951. Kuma duk tsawon wannan lokaci waɗanda ake yi wa dokar ba su da ƙuri'a a zaɓen tarayya, sai a 1960 suka same ta ba tare da sun bar matsayinsu na 'yan asali ba.

Mutumin da ya sake buɗe maganar shi ne Frank Calder, ɗan Nisga'a da aka zaɓa majalisar dokokin lardi a 1949. Shi da majalisar ƙabilarsa suka shigar da ƙara, lauya Thomas Berger ya tsaya musu. Ana cikin shari'ar, a 1969, gwamnatin Firaminista Pierre Trudeau ta fito da wata farar takarda, wato takardar manufar gwamnati, da ke neman a soke Dokar Indiyawa, a kawo ƙarshen matsayi na musamman, kowa ya zama ɗan ƙasa iri ɗaya. Ministan da ya gabatar da ita sunansa Jean Chrétien, a riƙe sunan. A kunne abin ya yi daɗi, amma shugabannin 'yan asali sun ga abin da ke ƙarƙashinsa: in an share matsayinsu, an share bashin. Suka yi mata ca har aka janye ta. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Calder, kuma hukunci ne mai ban mamaki. Alƙalai shida cikin bakwai sun yarda cewa haƙƙin mallakar ƙasa na 'yan asali abu ne da doka ta sani, wanda ya samo asali daga zamansu a wurin. Uku suka ce dokokin mulkin mallaka sun kashe haƙƙin a lardin, uku suka ce yana nan. Na bakwai ya kori ƙarar a kan cewa ba a nemi izinin kai gwamnati kotu ba. A takarda Nisga'a sun faɗi. Amma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar tattaunawa kan ƙasashen da ba a taɓa yin yarjejeniya a kansu ba. Aka fara zama da Nisga'a a 1976. Lardi bai yarda ya zo teburin ba sai 1990.

A tsakanin nan aka rubuta sashe na 35 a kundin tsarin mulkin 1982, wanda ya amince da haƙƙoƙin 'yan asali da na yarjeniyoyinsu, ya kuma tabbatar da su. Shi ma da kyar ya tsira, don a Nuwamban 1981 firaminista da firimiyoyin larduna sun cire shi a cinikin da suka yi tsakaninsu, sai da zanga-zanga ta tashi aka mayar da shi. Gyaran 1983 ya ƙara cewa sababbin yarjeniyoyin ƙasa ma suna ƙarƙashin wannan kariya. Abin da sashen bai ambata da suna ba shi ne cin gashin kai, kuma a kan wannan giɓi aka shafe shekaru ana kai ruwa rana. A Yunin 1990 aka kawo yarjejeniyar gyaran tsarin mulki ta Meech Lake gaban majalisar Manitoba, wadda ta kula da buƙatun lardin Quebec ta manta da 'yan asali. Lokaci ya ƙure, ana buƙatar yardar kowane ɗan majalisa kafin a tsallake ƙa'idojin zaure. Elijah Harper, ɗan asali daga Red Sucker Lake, yana zaune riƙe da gashin gaggafa, ya ce a'a cikin sanyin murya. Aka sake tambaya wata rana, ya sake cewa a'a. Wa'adi ya cika, yarjejeniyar ta mutu. Bayan shekara biyu aka rubuta cin gashin kan 'yan asali ƙarara a yarjejeniyar Charlottetown, ita kuma jama'a suka kayar da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 1992. Da hanyar gyaran tsarin mulki ta toshe, gwamnatin tarayya ta sanar a 1995 cewa ita a wajenta haƙƙin mulkin kai yana cikin sashe na 35 tun asali, za ta tattauna yadda za a aiwatar da shi da kowace al'umma.

Yarjejeniyar Nisga'a ita ce ta fara haɗa ƙasa da mulki a takarda ɗaya a ƙarƙashin wannan kariya a lardin. An kammala ta a Agustan 1998. Nisga'a suka samu mallakar ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,000, da kuɗi kimanin dala miliyan 190 da za a biya a hankali, da kason kifin salmon na kogin Nass, da dawo da kayan tarihinsu daga gidajen ajiya. Suka fita daga ƙarƙashin Dokar Indiyawa, suka kafa gwamnatinsu ta tsakiya da ta ƙauyukansu huɗu, da wakilcin 'ya'yansu mazauna birane kamar Vancouver da Terrace. A wasu fannoni da suka shafi cikin gidansu, irin su harshe, al'ada, wanene ɗan Nisga'a da yadda za a sarrafa ƙasarsu, idan dokarsu ta ci karo da ta tarayya ko ta lardi, tasu ce a sama. Dokar manyan laifuka ta zauna a hannun Ottawa, kuma kundin 'yancin ɗan ƙasa na Kanada yana aiki a kan gwamnatinsu kamar kowace gwamnati. Abin da suka bayar ba kaɗan ba ne. Ƙasar da aka tabbatar musu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wadda suke da'awa ba, sun yarda wannan shi ne sulhu na ƙarshe, kuma sun amince a janye musu rangwamen haraji, na saye da sayarwa bayan shekara 8, na kuɗin shiga bayan shekara 12. Ranar 2 ga Disamba 1998 shugabansu Joseph Gosnell ya tsaya ya yi jawabi a majalisar Biktoriya, shekara 111 bayan an juya wa kakanninsa baya a garin.

Me Reform ke ƙi? Ya kamata a faɗi hujjarsu yadda su da kansu za su yarda an faɗa. Shugaban jam'iyyar, Preston Manning, da mutanensa, musamman Mike Scott wanda mazaɓarsa ta Skeena ta haɗa da kwarin Nass, sun ce ana kafa gwamnati bisa jini, inda wanda ba ɗan Nisga'a ba zai zauna a ƙasar amma ba zai zaɓi masu mulkinta ba. Sun ce tsarin mulkin 1867 ya raba iko duka tsakanin tarayya da larduna, babu ragowar da za a ba mataki na uku, don haka wannan gyaran tsarin mulki ne ta bayan gida. Sun ce tunda sashe na 35 zai kulle yarjejeniyar, kuskuren da ke ciki ba zai gyaru da doka ta yau da kullum ba. Suka nemi a yi ƙuri'ar raba gardama a lardin baki ɗaya. Sun kuma koka cewa an kawo wa majalisa takardar da ba ta da ikon sauya ko waƙafi a cikinta, sannan gwamnati ta taƙaita lokacin muhawara.

Kukan nan na ƙarshe yana da gaskiya a cikinsa, ban ga amfanin musun sa ba. Majalisar da aka ce mata ko ki karɓa duka ko ki bari duka, dole ta ji an rage mata daraja. Sai dai haka kowace yarjejeniya take. In ɓangare ɗaya zai koma gida ya sauya sharuɗɗa shi kaɗai bayan an tashi daga tebur, to umarni ya bayar, ba a yi sulhu ba, kuma umarnin Ottawa shi ne abin da Nisga'a suka sha tun 1876. Inda ya dace 'yan majalisa su sa baki shi ne tun farko, lokacin da ake ba masu tattaunawa iyakar abin da za su amince da shi.

Sauran hujjojin kuwa, a ganina, sun tsaya ne a kan mantuwa. Maganar "doka ɗaya ga kowa" tana ɗauka cewa an fara wasan ne daga fili fetal, kowa ya zo hannu rabbana, sai gwamnati ta zaɓi wasu ta fifita su. Ba haka aka yi ba. Nisga'a suna da gwamnati kafin a haifi Kanada, ba a ci su da yaƙi ba, ba su sayar ba, ba su sa hannu a komai ba. Tambayar da ta kamata majalisa ta fara yi wa kanta ita ce ta ina ita ta samu iko a kan kwarin Nass, kuma amsar da ta fi kowace tsabta ita ce wannan yarjejeniya da ake neman kayarwa. Ita ce ta halatta wa Kanada sauran kashi tara cikin goma. Batun jini ma, duk wanda ya karanta tarihin ya san wa ya fara rarraba mutane da jini: Dokar Indiyawa ce ta yi rajistar wanene Ba'indiye, ta kori macen da ta auri bare daga cikin danginta har zuwa 1985. Shi kuwa baƙon da ke zaune a ƙasar Nisga'a, filayen da mutane suka mallaka da takarda tun da farko ba a haɗa da su ba, ikon harajin da yarjejeniyar ta ba gwamnatin Nisga'a a kan 'ya'yanta ne, kuma wajibi ne a tuntuɓi baƙo a duk shawarar da ta shafe shi kai tsaye. Ana iya cewa wannan bai isa ba, a nemi ƙari. Amma a ce mutum miliyan huɗu na lardi su jefa ƙuri'a a kan ko za a biya 'yan dubbai haƙƙin da kotu ta riga ta gane, wannan mayar da haƙƙi ne ya zama alfarma. Kowa ya ci ladan kuturu, aski ya zame masa dole, ba sai ya tara 'yan gidansu sun kaɗa ƙuri'a ba.

Sukar da ta fi damuna ba daga Reform ta fito ba, kuma ba ta samu ko rubu'in lokacin da aka ba tasu ba. Maƙwabtan Nisga'a, Gitanyow, sun ce an ba Nisga'a iko da haƙƙin farauta da kamun kifi a yankunan da su ma nasu ne tun kaka da kakanni, kuma gwamnati ta yi gaba da wanda ya riga zuwa tebur. A cikin Nisga'a ma akwai masu sarautar gargajiya da suka ga an yi arha da ƙasar gidajensu, har wani daga cikinsu ya yi shekaru yana shari'a da yarjejeniyar. A ƙuri'ar da al'ummar ta yi a Nuwamban 1998, kusan kashi 61 cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ne suka amince. Rinjaye ne, amma ba kowa ya yi guɗa ba. Waɗannan tambayoyi ne na gaske game da wa ke magana da yawun wa, kuma su ne suka fi cancantar dare biyu na majalisa.

Gyare-gyaren 471 duk sun faɗi. Ranar 13 ga Disamba 1999 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da ƙuri'a 217, masu ƙi 48, sauran jam'iyyu huɗu duk suna goyon baya. Firaministan da gwamnatinsa ta tura shi Jean Chrétien ne, mai farar takardar 1969. Majalisar dattawa ta bi sahu a Afrilun 2000, yarjejeniyar ta fara aiki ranar 11 ga Mayu. Jagoran adawa na lardin, Gordon Campbell, ya riga ya garzaya kotu da hujjar cewa babu ragowar iko a tsarin mulki. A Yulin 2000 Mai shari'a Paul Williamson ya ce rabon da aka yi a 1867 rabo ne tsakanin tarayya da larduna, bai shafe ikon da 'yan asali ke da shi na mulkin kansu ba, ko da ya rage shi. Campbell ya zama firimiya a 2001, ya bar ɗaukaka ƙara, ya yi ƙuri'ar raba gardamarsa ta gidan waya a 2002 wadda mafi yawan masu zaɓe ba su mayar da takardarta ba. Bayan 'yan shekaru gwamnatinsa ce ta kai yarjejeniyar al'ummar Tsawwassen gaban majalisar lardi, mai ɗauke da irin wannan mulkin kai.

Abin da Nisga'a suka yi da ikon nasu bai bi son zuciyar kowane ɓangare ba. Sun yi dokar da ta ba ɗan ƙasarsu damar mallakar filin gidansa da takarda, ya sayar ko ya jinginar a banki, abin da Dokar Indiyawa ta hana, wasu 'yan asalin kuma suna ganinsa hanyar salwantar da ƙasa. Sun dawo da wani dogon gungumen tarihi da aka sassaƙa, wanda aka ɗauke daga ƙasarsu a 1929, daga gidan tarihi na Edinburgh da ke Scotland a 2023. Sun kuma shiga haɗin gwiwar gina tashar fitar da iskar gas a gaɓar tekunsu, aikin da wasu maƙwabtansu, har da Gitanyow, ke adawa da shi saboda kifi da ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mulkin kai ya haɗa da 'yancin yanke shawarar da na waje ba zai so ba.

A Ottawa kuwa maganar ba ta kwanta ba. A 2021 majalisa ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnati daidaita dokokin ƙasa da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali, bayan irin wannan ƙuduri na ɗan majalisa Romeo Saganash ya mutu a majalisar dattawa a 2019. Sanarwar ta yi maganar neman yardar mutane tun kafin a taɓa ƙasarsu. A Yunin 2025 gwamnatin Firaminista Mark Carney ta kawo ƙudurin hanzarta manyan ayyuka, irin su bututun mai da ma'adinai da tashoshin ruwa, wanda ya ba majalisar ministoci damar tsallake wasu matakan bincike. Shugabannin 'yan asali sun ce mako guda aka ba su su faɗi ra'ayinsu. Ƙudurin ya shiga majalisa ranar 6 ga wata, ya zama doka ranar 26. A watan Yuli al'ummomi tara daga Ontario suka shigar da ƙara suna neman kotu ta soke shi.